Muryar Tsauni a Cikin Tanti: Nazarin Lamarin Wani Iyalin Mawaƙan Siwizalan a Amurka

Iyalin da wannan nazari ya bi mutum shida ne: maigida, uwargida, 'ya'ya maza biyu, mata biyu. Ba za a kama sunansu ba. Sun shafe kusan shekara 30 suna ci da muryarsu a ƙauyukan tsakiyar Amurka, a wani tsarin yawon ilmantarwa da nishaɗantarwa da ya yi tashe sannan ya mutu a gaban idonsu. Matsalar da suka yi ta fama da ita guda ɗaya ce, sai dai takan sauya riga: wa ke sayen waƙarsu, kuma me yake ganin ya saya?

Asali: Appenzell da Wisconsin, kafin 1914

Mutanen Appenzell ne, a gabashin Siwizalan, inda tudu ya fi fili yawa, gona kuma ba ta isa a raba wa magada. 'Yan shekaru kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka tsallaka teku, suka sauka a gundumar Green da ke kudancin jihar Wisconsin, domin can 'yan ƙasarsu suka taru tun 1845 da aka kafa garin New Glarus. Maigidan ya kama aikin da ya gada, tatsar shanu da dafa cuku. Waƙa ba sana'arsa ba ce. A gida ma ba a ɗauke ta sana'a ba. Abu ne da makiyaya ke yi in sun hau da shanu tsauni, ko in sun zauna shan wani abu da yamma.

Waƙar ita ce ake kira yodel. Wanda bai taɓa ji ba zai iya ɗauka guɗa ce, amma ba ita ba ce. A guɗa harshe ke kaɗawa, a yodel kuwa maƙogwaro ke karyewa. Mawaƙi yana cikin rerawa da muryar ƙirji mai kauri, sai ya yi tsalle zuwa siririyar murya ta sama ba tare da ya bi matakala ba, har ka ji ɗan ƙas ɗin da ke tsakani. Mawaƙin da ya yi makaranta wannan ƙas ɗin yake shekaru yana koyon ɓoyewa. Mai yodel shi yake nunawa.

Irin ta Appenzell kuma daban take. Suna ce mata Zäuerli. Ba ta da kalmomi, sai gaɓoɓi kamar jo, lo, u, lu. Ba ta da sauri. Mutum ɗaya ke ja, sauran su riƙe masa dogon sauti a ƙasa, ba sa motsawa sai in ya juya. Mawaƙan kan tsaya a rabin da'ira, hannuwa cikin aljihu, fuska ba yabo ba fallasa. Wani lokaci sukan haɗa da manyan ƙararrawar shanu guda uku da aka daidaita sautinsu, ko kuma su jefa tsabar azurfa ta faran 5 a cikin kaskon madara na yumɓu, su riƙa juya kaskon a tafin hannu, kuɗin na gudu a kan gefensa yana ba da wani amo mai tsawo. Kasko uku masu girma daban-daban, amo uku, waƙar ta hau kansu.

Wannan suka zo da shi. Wani wakilin kamfanin dillancin masu wasa ya ji su a wajen bikin 'yan ƙasarsu, ya biyo su har gona da takardar kwantiragi.

Tsarin da suka shiga

Sunan tsarin Chautauqua, ana furta shi Shatokwa. Asalinsa sunan wani tafki ne a jihar New York, inda a 1874 wani malamin coci, John Heyl Vincent, da wani attajiri, Lewis Miller, suka buɗe zangon horar da malaman makarantar Lahadi. Abin ya bunƙasa ya zama dandalin lacca da kiɗa da karatu. A 1904 wani mutumin Iowa, Keith Vawter, wanda ke da hannu a kamfanin Redpath mai dillancin masu lacca, ya ce maimakon mutane su je wajen laccar, bari laccar ta je wajensu a cikin tanti. Gwajin farko ya yi asara. A 1907 ya dawo da tsari mai tsauri, wannan karon abin ya zauna.

Ga yadda yake aiki. Kamfani zai jera garuruwa a kan layin dogo. Kowane gari a kafa masa babban tanti mai launin ƙasa-ƙasa, da gangan, don kada a ɗauka fararen tantunan 'yan wasan dabbobi ne, waɗanda masu zuwa coci ke ƙyama. Shirin kwana 5 ne ko 7 a manyan layuka. Masu wasan ranar farko kullum su ne na ranar farko: su yi a wannan gari yau, gobe su buɗe na gaba. Na rana ta biyu na biye da su, haka har na bakwai. Tantunan kuma na tsallake juna, ɗaliban jami'a masu neman kuɗin hutu ne ke kafawa da kwancewa.

Wurin da ya fi muhimmanci ga labarinmu shi ne kuɗi. Kamfani ba ya zuwa gari sai manyan garin, mai banki, likita, mai kanti, fasto, sun sa hannu cewa za su sayar da adadi kaza na tikitin mako, wanda kuɗinsa bai wuce dala 2 ko 3 ba. In ba su sayar ba, su cike giɓin daga aljihunsu. Wato kamfani ya riga ya ci ribarsa kafin a buga turke. Masu wasa kuma albashin mako suke karɓa daga kamfani, ko an cika tanti ko ba a cika ba. Ga manomin da ya saba da farashin madara mai hawa da sauka, wannan kamar ruwa ne a kan sanƙo. Maigida ya sa hannu. Bazara ce, yara suna hutun makaranta.

Matsala ta farko: abin da suka kawo ba shi aka yi oda ba

Makon farko ya nuna akwai gyara. Sun fito, sun tsaya a rabin da'ira, sun zura hannu a aljihu, suka ja Zäuerli a hankali kamar yadda aka saba. Manoman Iowa suka yi tsuru-tsuru. Mata na ta fifita da mafici saboda zafin tanti, yara na wasa da ciyawar da aka shimfiɗa a ƙasa. Da aka gama, tafin da aka yi na kunya ne. Rahoton da mai kula da tanti ya aika ofis ya ce waƙar kamar ta jana'iza, kuma tsayuwa da hannu a aljihu a gaban mata ba ladabi ba ne.

Dalilin shi ne Amurkawa sun riga sun yanke wa yodel kama tun da daɗewa. Tun 1839 wani iyali daga Tirol ta ƙasar Ostiriya, iyalin Rainer, suka zagaya Amurka, bayansu wasu suka biyo. Abin da aka sani ke nan: waƙa mai sauri da baitoci, gajeren wandon fata, hula mai gashin tsuntsu, murmushi har kunne. Ko daga ina ka fito a tsaunukan Alps, haka ake so ka fito. Abin dariyar shi ne, a daidai lokacin a can gida ana yaƙi da wannan salon ne. Ƙungiyar masu yodel ta tarayyar Siwizalan da aka kafa a 1910, ɗaya daga cikin damuwarta ita ce kada salon Tirol ya cinye na gida.

Sannan yodel ba ta da wani kwarjini a idon masu jarida. A 1913, William Jennings Bryan, wanda ya fi kowa jan jama'a a Shatokwa, yana sakataren harkokin wajen Amurka amma bai daina yawon lacca ba, yana cewa albashinsa na dala 12,000 a shekara ba ya isarsa. Jaridun birni suka yi masa ca, kuma abin da suka fi yi masa gori da shi shi ne wai babban jami'in gwamnati na hawa dandali ɗaya da masu yodel. Kamfanoni sun ji zafin wannan. Sun ƙara matsa wa kowane mai wasa cewa dole a ga ilimi a cikin abin da yake yi.

Ofis ya aiko wa iyalin sharuɗɗa uku. Su ƙara waƙoƙi masu sauri irin na Tirol. Su nemo ƙahon Alps, dogon ƙahon katako da ya haura mita 3, duk da cewa maigidan bai taɓa busa shi a gida ba. Na uku, kafin kowace waƙa wani ya yi wa jama'a bayanin ƙasar da al'adar.

Na farko da na biyu suka yi ba musu. Tufafi ne kawai maigida ya kafe a kai: jar falmaransa da rawayen wandon makiyayan Appenzell, da ɗan cokalin zinariya da ke lilo a kunnen dama, ba zai musanya su da hular gashin tsuntsu ba. Sharaɗi na uku shi ya fi ba shi haushi. A ganinsa waƙar da sai an yi mata bayani ta riga ta faɗi. Ga shi Turancinsa na sayar da cuku ne kawai. Sai aka ɗora wa babbar 'yar, wadda ta yi makarantar firamare a Wisconsin. Ta haddace 'yan jimloli: yadda ake hawa da shanu tsauni a farkon bazara, awaki a gaba, yara na kora su, dalilin da ya sa murya ke tafiya nesa tsakanin duwatsu. Tana faɗa, uban na tsaye a baya yana kallon rufin tanti.

Tafi ya ƙaru. Kamfani ya sabunta kwantiragi. Amma yanzu rabin shirinsu irin na kowa ne, kuma akwai ƙungiyoyin Tirol da Bavariya da yawa a jerin kamfanonin. Duk lokacin da maigida ya nemi ƙari, sai a tuna masa cewa akwai wasu a layi.

1917 zuwa 1918: harshe ya zama laifi

A watan Afrilun 1917 Amurka ta shiga yaƙi da Jamus. Siwizalan 'yar ba-ruwanmu ce, amma baitocin waƙoƙinsu da wani karin Jamusanci ake yin su, kuma manomin Nebraska ba shi da lokacin bambance Bajamushe da ɗan Appenzell. A wasu garuruwa kwamitin masu lamuni, wato manyan garin da ke sa hannu kan tikiti, ya nemi a cire su daga shiri. A Mayun 1918 gwamnan Iowa, William Harding, ya fitar da sanarwar da ta hana magana da kowane harshe in ba Turanci ba a makarantu, a jirgin ƙasa, a wayar tarho da wuraren taron jama'a. Iowa kuwa ita ce cibiyar layin da suke bi.

Sun fara gwada fassara baitocin zuwa Turanci. Bai yi ba. Gaɓoɓin ba su zauna a kan karin ba, bakinsu kuma ya fi tona asirin baƙuntarsu in suna Turanci. Sai suka rataya tutar ƙasarsu a bayan dandali, farin gicciye a kan ja, 'yar kuma ta ƙara jimla ɗaya a bayaninta, cewa alamar ƙungiyar Red Cross, wadda aka kafa a Geneva, tutar nan ce aka juya launinta. Garuruwan da matansu ke ɗinka bandeji don sojoji sun fahimci wannan nan take.

Abin da ya fi fitar da su kuwa, Zäuerli ɗin da ofis ya raina ne. Waƙar da ba ta da kalma ba za a ce da Jamusanci aka yi ta ba. Suka ajiye waƙoƙin Tirol masu baiti, suka dawo da na gida, suka buɗe da taken Amurka suka rufe da shi. Mutanen da 'ya'yansu ke Faransa ba sa neman wasan dariya. Waƙa mai nauyi da a da aka ce ta jana'iza ce, yanzu shiru ake yi mata. Da kaka ta shigo, annobar mura ta 1918 ta sa aka rufe zauruka a garuruwa da yawa, ayyukan hunturu da suka samu a zaurukan lacca suka tafi a banza.

1919 zuwa 1924: shekarun ƙoshi

Nan ba a samu wata matsala da ta wuce ta hanya ba, amma hanyar ma ba wasa ba ce. Wasa biyu a rana, gajere da rana kafin mai lacca ya hau, cikakke da dare. Ana tashi a ɗaure kaya, a kama jirgin tsakar dare ko na asuba, wani lokaci a kwana a kan bencin tasha. Ran Lahadi a sauya shiri zuwa waƙoƙin ibada. Ƙahon sai an raba shi gida-gida kafin ya shiga tarago. Kaskon yumɓu kuwa uwargida ba ta taɓa yarda ya shiga taragon kaya ba, a cinyarta yake tafiya a naɗe da bargo, domin in ɗaya ya fashe ba a samun mai sautinsa a duk faɗin Kansas. A wata bazara muryar autan ta buɗe ana tsakiyar zagaye, sautin sama da aka dogara da shi ya ɓace cikin mako biyu, dole ƙanwar babbar ta karɓa, shi aka ba shi ƙararrawa.

A 1924, shekara 50 da kafuwar Shatokwa, tantuna sun sauka a garuruwa kusan 10,000. Iyalin sun ci bashi sun sayi 'yar gona. A duk waɗannan shekaru ba su rubuta adireshin mutum ɗaya daga cikin masu lamunin da ke biyan kuɗin zuwansu ba. Ba su ga dalili ba. Ofis ke aiko da jadawali.

1925 zuwa 1932: tanti ya faɗi, da abubuwa huɗu da aka gwada

Ruɓewar ta fara ne daga ƙasa. Farashin amfanin gona ya faɗi tun 1920 da 1921 bai farfaɗo sosai ba, masu lamuni sun gaji da cike giɓi. Mota ƙirar Ford ta yi araha, an gyara hanyoyi, manomi na iya kai iyalinsa silima a babban gari duk Asabar. Rediyo ta shiga falo, a 1926 aka kafa kamfanin gidajen rediyo na NBC. A 1925 Bryan ya mutu, haka ma Russell Conwell, wani gwanin laccar. Kamfanoni suka rage lacca suka ƙara wasan kwaikwayo da masu dabo don jan mutane, sai fastoci da malamai, waɗanda don ilimin suke sa hannu, suka janye. Makonnin aikin iyalin suka riƙa raguwa kowace bazara. Karyewar kasuwar hannun jari a Oktoban 1929 ta ƙarasa abin da ya rage. Zuwa 1932 manyan layukan sun tsaya.

Gwaji na farko, gidajen wasan birni da ake kira vaudeville. Can minti 10 ko 12 ake ba ka, tsakanin mai wasa da karnuka da mai barkwanci, sau uku ko huɗu a rana. Manajoji suka ce a cire bayani, a cire waƙa mai jan rai, a yi sauri, in da hali maigida ya riƙa faɗuwa da ƙahon don a yi dariya. Ya ƙi. Ko da ya yarda ma, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: fim mai magana ya fito a 1927, gidajen suka riƙa korar masu wasa suna kafa majigi.

Na biyu, faifan garmaho. Kamfanonin faifai na da jerin da suke yi wa baƙin haure da harsunansu, iyalin sun samu shiga. Amma kowane gefen faifai minti 3 ne, kuɗin kuma sau ɗaya ake biya a sallame ka. Amon kaskon bai fito ba, sai wani shuu kamar faifan ya lalace. Kasuwar kanta ta rushe, daga faifai sama da miliyan 100 a 1927 zuwa kusan miliyan 6 a 1932.

Na uku, rediyo. Nan suka tarar an riga su. A ƙarshen 1927 Jimmie Rodgers, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga Mississippi, ya ɗauki waƙa da jita yana karya murya a ƙarshen kowane baiti, faifan ya yi kasuwa ba kaɗan ba. Cikin 'yan shekaru yodel a kunnen Amurkawa ta zama ta kaboyi. Gidajen rediyo na da matasa masu yin ta da Turanci, mutum ɗaya da jitarsa, a kan kuɗi kaɗan. Wa zai biya mutum shida? Ƙananan tashoshi sun ba su fili, amma ladan shi ne a ambaci sunansu.

Na huɗu, suka ce bari su zama kamfanin kansu. Babban ɗan ya riƙa rubuta wasiƙu zuwa garuruwan da suka taɓa zuwa, yana aikawa da sunan “shugaban kwamiti” tunda bai san sunan kowa ba. Kaɗan ne suka amsa. Inda suka je, su ke biyan hayar zaure, su buga takardar talla, su sayi mai. Dare ɗaya na ruwan sama ya isa ya cinye ribar mako. A nan ne suka fahimci abin da masu lamuni suka yi shekaru suna ɗauke musu. Suka koma gona, ana hannu baka hannu ƙwarya, madara ba ta da daraja, bashin gona na jira.

1933 zuwa 1941: zauren makaranta

Hanyar ta buɗe ne ta inda ba a zata ba. Wata malamar ƙaramar makaranta a gundumarsu ta roƙi babbar 'yar ta zo ta yi wa ɗalibanta bayanin Siwizalan a darasin labarin ƙasa. Ta tafi da kasko ɗaya da tsabar azurfa, ba da niyyar wasa ba. Ta juya kuɗin, amo ya tashi, aji ya yi tsit. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce a ba shi ya gwada. Kuɗin ya faɗi ƙasan kaskon ƙwal, aji ya fashe da dariya, yara goma suka miƙe kowa na so. Aka buga ƙararrawar tashi ba wanda ya motsa.

A lokacin, sassan ilimin jama'a na wasu jami'o'in jihohi, irin su Wisconsin, Minnesota da Kansas, suna da ofisoshin da ke tura masu lacca da masu kiɗa zuwa makarantu, ga kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke yin haka, wasunsu tsofaffin ma'aikatan Shatokwa ne. Shugaban makaranta zai tara ɗalibai a zauren wasanni na tsawon darasi ɗaya. Kuɗin ba yawa, sau da yawa daga 'yan sulallan da yara ke kawowa ake haɗa shi. Amma makarantu na kusa da juna, ana iya yin biyu ko uku a rana da mota ɗaya, kuma aikin daga Satumba ne zuwa Mayu, ba makonnin bazara kaɗai ba.

Suka sake gina shirin daga tushe, minti 40 zuwa 45. Bayanin da a da yake share fage, yanzu shi ne ƙashin bayan abin, waƙoƙin suna zuwa a matsayin misali. 'Yar za ta sa yara su ɗora yatsu a maƙogwaronsu, su ce “o” da murya mai kauri, sannan “u” da siririya, su yi ta maimaitawa da sauri har su ji abin yana tsalle a ƙarƙashin yatsa. Sai ta ce to kun yi yodel. Daga nan a raba zauren gida uku, kowane ɓangare a ba shi sauti ɗaya ya riƙe, sannan ta juya ta ce, “Baba, bismillah, ga su nan.” Tsohon zai zura hannu a aljihu ya ja Zäuerli a kan muryoyin yara ɗari biyu ko uku. Hannu a aljihun da aka taɓa kai ƙararsa ofis, yanzu yaran ke kwaikwayo. A ƙarshe a kira mafi ƙarfin 'yan ƙwallon makarantar ya zo ya busa ƙaho, ya kumbura kumatu, abin da zai fito kamar kukan maraƙi, sannan uwargida, mace ƙarama mai furfura, ta karɓa ta fitar da sauti mai tsabta.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Mutum shida sun yi wa kuɗin makaranta yawa, dole aka rage zuwa huɗu, biyu suka zauna da shanu. Tuƙi cikin ƙanƙarar Minnesota da asuba, sannan a nemi maƙogwaro ya karye da kyau ƙarfe 9 na safe, ya ja musu mura da dashewar murya ba sau ɗaya ba. Waƙoƙin Tirol sun bar su gaba ɗaya, domin duk yaron da ke da rediyo a gida ya ji mai sauri fiye da nasu. Wannan karon babban ɗan ya sayi littafi. Kowace makaranta ya rubuta sunan shugabanta, yawan ɗalibai, da abin da ya fi burge su. Bayan shekara uku ko huɗu, in ɗaliban sun sauya, sai ya rubuta wasiƙa da sunan mutum. Da bazara kuma suna samun bukukuwan 'yan ƙasarsu, bikin cuku na garin Monroe da ke gundumarsu, wanda aka fara tun 1914, da wasan kwaikwayon Wilhelm Tell, gwarzon tatsuniyar Siwizalan, da New Glarus ta fara a 1938. Sun biya bashin gona.

1942

A Disambar 1941 Amurka ta sake shiga yaƙi. Aka taƙaita sayar da taya a farkon 1942, aka sa rabon fetur a duk ƙasa a watan Disamba. Ba a yawon makarantu uku a rana da ma'aunin man da ake ba farar hula. Maigida ya tsufa, numfashinsa ba ya kai ƙarshen dogon sauti. Suka ajiye yawo, ba bashi a kansu.

Hukunci

A ganina kuskuren da ya fi yi musu tsada ba na waƙa ba ne. Shekara fiye da 10 suna tsammanin jama'ar tanti ne masu sayensu, alhali kamfani ne, kamfanin kuma ya jingina da 'yan mutane ƙalilan a kowane gari da ke sa hannu don kunya da kishin garinsu. Ran da waɗannan suka ajiye alƙalami, tafin da aka yi musu a dubban dare bai zama ko sisi ba, domin ba su san ƙofar gidan kowa ba. Littafin babban ɗan ya zo a makare da shekara 15.

Vaudeville da faifai da rediyo kuwa sun faɗi ne saboda dalili ɗaya: duka ukun sautin kawai suke so, a gajarce, sautin kuma ya riga ya yi araha. Sauya salo zuwa na Tirol ya saya musu lokaci a farko, ba zan ce kuskure ne ba, da ba su yi ba da an sallame su a makon farko. Amma shi ya sa su cikin layin da kowa ke iya maye gurbinsu. Sau biyu abin da ya cece su shi ne wanda aka raina, waƙar da ba kalma a 1918, da kaskon yumɓu a 1933.

Akwai kuma sa'a, kada a ɗora komai a kan dabara. Da ba su da gonar komawa a shekarun da ba aiki, da ƙungiyar ta watse kafin malamar nan ta aiko. Da kuma ba su da 'yar da ta tashi da harshe biyu, ba mai tsayawa gaban yara. Maigidan dai bai taɓa sauka daga ra'ayinsa ba cewa waƙa ba ta bukatar bayani. Har wasansu na ƙarshe, in 'yar ta fara magana, yakan ja baya taku biyu ya tsaya yana kallon rufin zauren, sai ta kira shi.